Yadda Ake Rage Tsoron Maciji da Gizo-gizo a Cikin Iyali

Da wuya a sami gidan da babu mutum ɗaya da kowa ya san ba ya shiri da gizo-gizo, ko wanda in ya ga hoton maciji a waya sai ya yar da wayar. Wani gidan yaro ne ɗan shekara biyar da ya daina shiga banɗaki shi kaɗai tun ranar da ya ga saƙar gizo a kusurwa. Wani gidan uwa ce. Wani kuma maigidan ne da kansa, sai dai shi yana ɓoyewa don kada girmansa ya zube. Yawanci akan yi dariya a wuce, alhali mai abin yana fama: barci yana ƙaurace masa, akwai ɗakunan da ba ya shiga, kuma yaran gida suna kwasar tsoron daga wurinsa ba tare da ya sani ba.

Mutane sukan haɗa waɗannan tsoro biyu wuri guda, amma kowanne da irin aikin da yake bukata. Tsoron maciji yana da dalili, don haka abin da ake so shi ne a mayar da shi ƙa'idojin da yaro zai bi ko da zuciyarsa na bugawa. Tsoron gizo-gizo kuwa ya fi haɗarinsa girma nesa ba kusa ba, shi ake rage shi ne a hankali har ya daina juya gida. Dukansu biyu daga manya ake farawa.

Mataki na farko: ku san iyakar haɗarin

Ba za ku iya kwantar wa yaro hankali a kan abin da ku kanku ba ku san gaskiyarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, dafi yana shiga jikin miliyan 1.8 zuwa 2.7 daga cikinsu, kuma mutum 81,000 zuwa 138,000 suna rasa rayukansu. Wannan ne ya sa a 2017 hukumar ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Yara sun fi manya shiga haɗari, domin dafin da babba zai iya jurewa yana yi wa ƙaramin jiki yawa. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro maciji ba komai ba ne, ya cuce shi.

Sai dai kuma akwai macizai iri fiye da 3,000 a duniya, kusan 600 ne masu dafi, a cikinsu ma kamar 200 ne ke iya yi wa mutum mummunar illa. Maciji ba ya farautar mutum. Abincinsa ɓera ne da kwaɗo da ƙadangare da ƙwai, kuma yawancin sara yana faruwa ne idan an taka shi, ko an tura hannu inda yake, ko an rutsa shi za a kashe.

Gizo-gizo labarinsa daban. Masana sun rubuta iri fiye da 50,000, kuma waɗanda cizonsu ke kai mutum asibiti ba su taka kara sun karya ba. Ko a Ostireliya, inda ake da ɗaya daga cikin mafi muni a kewayen birnin Sidni, ba a sake samun wanda ya mutu da cizonsa ba tun da aka fara amfani da maganin dafinsa a 1981. Yawancin gyambon da ake ɗora wa gizo-gizo laifi, idan likita ya duba, ƙwayar cuta ce ta shiga fata. Wanda kuke gani a saman bango sauro da ƙuda yake kamawa.

Aikinku a wannan matakin ɗan kaɗan ne: ku tambayi ma'aikatan lafiya ko na kula da namun daji waɗanne macizai da gizo-gizo masu haɗari ake samu a yankinku, ku ga hotunansu, kuma ku san asibiti mafi kusa da ke ajiye maganin kashe dafi. Ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma ranar da aka yi sara ba ranar fara tambaya ba ce.

Mataki na biyu: ku fara da fuskarku

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne yawancin iyaye ba sa zato.

Ba a haifar yaro da cikakken tsoron maciji. Abin da ake haifarsa da shi shi ne saurin lura. A 2017 masu bincike a Jamus da Suwidin sun nuna wa jarirai 'yan wata shida hotuna, sai suka ga ƙwayar idonsu tana ƙara buɗewa idan hoton maciji ne ko gizo-gizo fiye da na kifi ko fure. Jariri yana kula da su, amma bai san abin da zai yi da su ba tukuna. Sai ya juyo ya dubi wanda ke riƙe da shi.

A shekarun 1980, Susan Mineka da Michael Cook sun yi aiki da birai a Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Biran da aka haifa a keji ba sa tsoron maciji, har sukan miƙa hannu ta kusa da shi su ɗauki abinci. Da suka ga wani biri ya firgita da maciji, nan take suka koya, kuma bayan wata uku tsoron yana nan. Da aka nuna musu bidiyon da aka gyara ya zama kamar furanni birin yake tsoro, ba su koyi tsoron furanni ba. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne gwajin da suka buga a 1986: biran da suka fara ganin wani biri yana zaune lafiya kusa da maciji, yawancinsu ba su kamu da tsoron ba ko da daga baya suka ga wanda ya firgita. Wato abin da aka fara gani yana yin rigakafi.

An ga irin wannan a yara ma. A 2002, a Ostireliya, masu bincike Gerull da Rapee sun ba yara 'yan wata 15 zuwa 20 macijin roba da gizo-gizon roba, uwa tana nuna fuskar tsoro da ƙyama a kan ɗaya, fuskar fara'a a kan ɗayan. Yaran sun guje wa wanda uwa ta yamutsa wa fuska, ko bayan ta daina.

To, me uwa ko uba mai tsoro zai yi? Ba a ce ku yi ƙarya ba, yaro yana gane murmushin dole. Abin da za ku yi shi ne ku shirya tun kafin ranar. Ku zauna ku biyu, miji da mata, ku yi yarjejeniya: wanda tsoronsa ya fi sauƙi shi ne mai ɗaukar mataki, ɗayan aikinsa kawai ya riƙe bakinsa daga ihu. Idan kin ga gizo-gizo yaro yana kusa, ki ja numfashi ta hanci, ki fitar a hankali har fitarwar ta fi shaƙar tsawo, sannan ki faɗi abin da kika gani da muryar yau da kullum: "Ga gizo-gizo can a bango. Bari in kira Babanku ya fitar da shi." Idan ihun ya riga ya suɓuce, ba a yi asara ba. Bayan kin natsu ki dawo ki ce: "Ɗazu na tsorata ne saboda ban yi zaton ganinsa ba. Bai yi mana komai ba, ka ga yana can yana saƙarsa." Yaro yana koyo daga gyaran kamar yadda ya koya daga ihun.

Maza kuma, don Allah a daina yi wa matar da ke tsoro ba'a a gaban 'ya'yanta. Haka matan da suka gano maigida yana tsoro. Wanda aka kunyata ba ya warkewa, ƙara ɓoyewa yake yi.

Mataki na uku: ku tace abin da ake faɗa a gida

Magana kaɗai tana shuka tsoro. Andy Field na Jami'ar Sussex a Ingila ya gwada wannan da yaran firamare a 2003: an nuna musu hotunan wasu dabbobin Ostireliya da ba su taɓa ji ba, aka ba su labari mai ban tsoro a kan ɗaya, mai daɗi a kan wata. Da aka ce su tura hannu cikin akwatin da aka ce dabbar na ciki, sun fi jinkiri a kan wadda aka ɓata wa suna, alhali ba su taɓa ganinta ba.

Abu uku za ku hana. Na farko, tsorata yaro da maciji don ya yi biyayya, irin "in ba ka yi barci ba maciji zai zo." Yana aiki a daren, amma kun haɗa masa maciji da gado da duhu, kuma ku ne za ku sha wahalar kwance wannan ƙullin. Na biyu, wasan yayye na jefa wa ƙane igiya ko gizo-gizon roba. Ku hana shi da gaske, kamar yadda za ku hana duka. Na uku, bidiyon sara da na mesa tana haɗiye dabba da ake kallo a waya yara suna leƙe.

Idan yaro ya zo ya ce yana jin tsoro, kada ku ce "haba, kai ba namiji ba ne?" kada kuma ku rungume shi kuna salati kamar an yi gobara. Ku durƙusa daidai tsayinsa ku tambaye shi: "Me kake ganin zai yi maka?" Amsar takan ba da mamaki. Wata yarinya tana zaton gizo-gizo zai shiga kunnenta tana barci, wani yaro yana zaton maciji yana bin mutum har gida ya rama. Sai kun ji ainihin abin da ke ransa za ku san abin da za ku gyara.

Da dare, idan ya nemi a duba ƙarƙashin gado, ku duba tare sau ɗaya, da tocila a hannunsa. Kada ya zama sau biyar. Duk ƙarin dubawa yana gaya masa cewa lallai akwai abin nema.

Mataki na huɗu: ku mayar da tsoron maciji ƙa'ida

Yaron da ya san abin da zai yi ba ya ruɗewa kamar wanda bai sani ba. Ku koya masa kalma uku da zai iya tunawa ko jikinsa na rawa: tsaya, ja baya, kira babba. Tsayawa cak tana hana shi taka macijin ko faɗawa kansa. Ja da baya a hankali, idonsa na kan macijin, har taku biyar ko fiye. Sannan ya juya ya tafi ya kira babba. Maciji yakan kai sara ne iyakar kamar rabin tsawon jikinsa, amma kumurci yana fesa dafi zuwa ido daga nisan mita biyu ko fiye, shi ya sa ake son tazarar ta yi yawa.

Kada ku tsaya a faɗa da baki. Ku yi atisaye. Ku ajiye igiya a tsakar gida da rana tsaka, kowa ya san igiya ce, ku ce "maciji!" yara su tsaya, su ja baya, su kira ku. Ku ma ku yi naku su gani. Wannan ya bambanta da wasan tsoratarwa da na ce a hana, domin a nan babu ba-zata, yaron ya san abin da ake yi kuma shi ke cin nasara.

Sauran ƙa'idojin su ne: ba a tura hannu ko ƙafa cikin rami, ko ƙarƙashin dutse, ko tarin itace. Ba a fita da dare ba takalmi da fitila, musamman bayan ruwan sama. A kakkaɓe takalmi kafin a saka. Ba a taɓa maciji ko da ya mutu, domin kan da aka yanke yana iya sara bayan wani lokaci, wasu macizan kuma sukan yi kwance kamar matattu. Kasa da kububuwa ba sa saurin gudu in sun ji tafiya, lafewa suke yi, launinsu ya saje da ƙasa, don haka a riƙa duba inda za a sa ƙafa.

Sai gidan kansa. Maciji abu biyu ke kawo shi, abinci da maɓoya. Inda ɓera ya yi yawa maciji yana tafe, saboda haka ku rufe hatsi da ragowar abinci, ku kwashe shara. Ku sare ciyawar da ke jikin bango, ku matsar da tarin itace da bulo da tsofaffin tayoyi nesa da ɗakin kwana, ku toshe ramuka da gibin ƙarƙashin ƙofa. Inda macizai suke da yawa, a kwana a kan gado cikin gidan sauron da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, domin akwai macizan da ke sarar mai barci a ƙasa. Ban ba ku shawarar dogara da garin da ake barbaɗawa don korar maciji ba. Gwaje-gwaje ba su nuna yana hana su shigowa ba, ƙwayoyin kafur ɗin da ake zubawa kuwa guba ne ga yaron da ya tsinta ya kai baki.

Ku sa yara cikin wannan aikin gwargwadon shekarunsu. Yaron da ya taya toshe gibin ƙofa da hannunsa yana kwanciya da wata natsuwa da lallashi ba ya bayarwa.

Mataki na biyar: tsanin sabo

Wannan shi ne maganin tsoron da ya wuce kima, kuma tsohuwar hanya ce. A 1924 Mary Cover Jones, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron farin zomo. Ta riƙa kawo zomon a keji daga nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, tana matso da shi kaɗan-kaɗan, tana kuma barinsa ya ga wasu yara suna wasa da shi, har ya kai ga taɓa shi da kansa. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne, duk lokacin da mutum ya gudu ya sami sauƙi, ƙwaƙwalwarsa tana ɗauka gudun ne ya cece shi. Idan ya tsaya, tsoron ya hau ya sauko da kansa ba abin da ya faru, sai ta koyi wani darasi.

Ga yadda ake yi a gida da gizo-gizo.

Ku zauna da yaron lokacin da yake cikin raha, ku yi masa bayani cewa za ku koyi jarumta tare, mataki-mataki, kuma ba za a tilasta masa komai ba. Ku koya masa auna tsoronsa da yatsu, daga babu zuwa goma. Sannan ku jera matakan tare, daga mafi sauƙi. Misali: ya zana gizo-gizo da kansa ya ƙirga masa ƙafa takwas. Ya kalli zanen barkwanci. Ya kalli hoton gaske daga nesa, sannan a hannunsa. Ya kalli ɗan gajeren bidiyon gizo-gizo yana saƙa, ba sauti. Ya riƙe na roba. Ya tsaya kusa da saƙar da babu kowa a ciki. Ya kalli ƙaramin gizo-gizo mai rai a cikin kwalba rufaffiya daga bakin ƙofa, daga tsakiyar ɗaki, daga kan tebur. Ya riƙe kwalbar. A ƙarshe ya fitar da gizo-gizo waje da kansa.

Kowane zama minti goma zuwa ashirin ya isa, sau da yawa a mako. Ku fara yi yana kallo, sannan shi ya yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsaya a kan mataki har tsoron ya ragu, in ya fara da bakwai a jira ya sauko kamar uku. Kada a rufe zama da gudu. Idan mataki ya yi masa tsauri, ku koma na baya ku ƙare a can da nasara, gobe ku raba mai tsaurin gida biyu. Kuma kada ku haura sai ya maimaita mataki har ya fara gundurarsa. Gundura ita ce alamar an ci wannan matakin.

Ku kula da abin da kuke yabo. Ku ce "na ga kana jin tsoro amma ka tsaya, madalla," domin tsayawar ita ce aikin. Ku sa shi ya yi hasashe kafin kowane mataki: "Me kake ganin zai yi in ka matso?" Zai ce zai yi tsalle ya faɗo masa. Bayan an gama ku tambaye shi: "To, me ya yi?" Zai ce ya gudu ya lafe a gefen kwalba. Wannan bambancin tsakanin abin da ya zata da abin da ya gani shi ne ke karya tsoron, ya fi duk wani bayani da za ku yi masa.

Fitar da gizo-gizo kuwa ba wuya. Ku sami kofin gilashi da kwali mai ɗan kauri. Ku kifa kofin a kansa, ku zura kwalin a hankali tsakanin bakin kofin da bango, ku riƙe su tare, ku kai waje ku ajiye ku ɗaga kofin. Na fi son wannan a kan murƙushewa da takalmi, domin yaron yana samun damar kallon abin kusa-kusa alhali gilashi na tsakaninsu, kuma yana ganin ƙanƙantarsa. Amma a yi da irin da kuka tabbatar ba shi da haɗari. Baƙi mai sheƙi mai jan tabo a ƙarƙashin ciki, da duk wanda ba ku gane ba, aikin babba ne.

Wannan hanyar ce dai ga babba mai tsoro ma, kuma idan uwa da ɗa suna hawa tsanin tare abin yakan fi tafiya. Da maciji ma ana yin tsani, amma iyakarsa hoto, bidiyo, na roba, da kallon mai rai ta bayan gilashi a gidan namun daji. Burin shi ne yaro ya iya ganin maciji bai ruɗe ba har ya tuna kalmomin nan uku. Ba a koya masa taɓawa.

Abu ɗaya ne ke rusa aikin duka: yaudara. Ranar da kuka ɗora masa gizo-gizo a hannu ba shiri don ku "gama da abin", kun rasa amincewarsa, kuma sai kun koma ƙasa da inda kuka fara.

Mataki na shida: ranar da maciji ya shigo, ko ya yi sara

Idan an ga maciji a ɗaki, a fitar da yara da dabbobi cikin natsuwa, a rufe ƙofa, a toshe ƙarƙashinta da tsumma, a kira wanda ya koyi kama maciji ko jami'an da ke wannan aiki. Idan a fili ne, a ba shi hanya, wani babba ya riƙa lura da inda ya nufa daga nesa. Taron jama'a da sanduna shi ne inda ake yawan samun sara.

Idan an yi sara, a matsar da mutumin daga wurin, a kwantar da shi, a yi masa magana mai sanyaya rai, domin firgici da motsi suna gaggauta yaɗuwar dafi. A cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗaure gaɓar da katako ko sanda sako-sako yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa. A ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a nufi asibiti kai tsaye. A riƙe lokacin da abin ya faru. Idan yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu. Idan dafi aka fesa a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, yana kashe gaɓa har a kai ga yankewa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a sa ƙanƙara ko baƙin dutse, kada a ba shi asfirin ko makamantansa masu ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin, likita yana aiki ne da alamomin da ke jikin mara lafiya. Kuma kada a zauna jiran a ga ko zai yi tsanani. Wani saran ba ya zafi da farko, sai daga baya fatar ido ta fara saukowa, haɗiya ta gagara, ko dasashi ya fara jini. Maganin kashe dafi na asibiti shi kaɗai aka tabbatar yana karya dafin da ya shiga jiki.

Cizon gizo-gizo a wanke da sabulu da ruwa, a ɗora tsumma mai sanyi. A je asibiti idan ƙaramin yaro ne, ko an ga murɗewar tsoka, ciwon ciki mai tsanani, gumi mai yawa, ko wurin yana faɗaɗa yana baƙi.

Bayan irin wannan rana, ku sa ran tsoro zai dawo gidan da ƙarfi, har ga yaran da kallo kawai suka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ku bar su su ba da labarin sau nawa suke so, ku nuna musu abin da aka yi daidai da abin da aka gyara a gidan, in ƙura ta lafa ku sake hawa tsanin daga ƙasa.

Lokacin neman ƙwararre

Yawancin tsoron yara yana raguwa da girma da irin wannan aiki. Amma idan ya kai wata shida ko fiye yana hana barci, zuwa makaranta, shiga banɗaki ko wasa a waje, ko kun yi makonni kuna tsani ba ya motsi, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ya san maganin sabo a hankali. Wannan irin tsoron yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Lars-Göran Öst na Suwidin ya fito da tsarin zama ɗaya na kamar awa uku a 1989, kuma an yi amfani da shi ga manya da yara masu tsoron gizo-gizo da maciji da sakamako mai kyau. Idan za ku je, ku tafi da jerin matakan da kuka rubuta da inda kuka tsaya, kuma idan ɗaya daga cikin iyaye yana da tsoron, a faɗa wa likitan tun zaman farko don a haɗa su a aikin.